Sallar roƙon ruwa: aikin liman ne ko na mai mulki?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kun dai ji sanarwar da ake ta maimaitawa a radiyo tun jiya, cewa a fito filin idi ranar Alhamis da hantsi don sallar roƙon ruwa, kuma manyan jiha za su halarta. Ruwa ya ɗauke tun bayan noman farko. Hatsin da ya tsira ya fara naɗe ganye, waɗanda suka yi bizne a tudu kuwa irinsu ya tafi. Ba na jayayya da sallar, sunna ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya kira ta. Mu talakawa addu'a ce kaɗai a hannunmu. Mai mulki kuwa yana da baitulmali, da ma'ajin hatsi, da ma'aikatan gona, da motoci. In ya zo ya tsaya sahun gaba ya ɗaga hannu tare da mu, ya koma ofis, to ya sauke nauyin da ke kansa ke nan? Ina son jin ra'ayinku, musamman malamai da dattawanmu.

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta yi kyau, amma ka raba abin da shari'a ba ta raba ba. A asali shugaba ne ke fitar da jama'a istiska'i, wato roƙon ruwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne shugaban Madina, kuma shi ya fita da mutane bayan gari ya yi raka'a biyu ya juya mayafinsa. A Risalar da muke karantawa a zaure ma abin da aka ce shi ne imami ya fita da hantsi kamar yadda ake fita idi, ya yi raka'a biyu a bayyane, ya yi huɗuba, ya fuskanci alƙibla ya juya mayafi, na dama ya koma hagu, mutane su yi yadda ya yi. Don haka in mai mulki ya kira, bai shiga gonar kowa ba. Da ya yi shiru ma sai mu tambaye shi dalili.

Sai dai malamai sun jera abubuwan da ake so kafin fitar: tuba, sadaka, da mayar da haƙƙin da aka ci. Kuma ana fita ne da tufafin yau da kullum, cikin ƙanƙan da kai, ba da adon idi ba. Wannan sashen ne ba a cika karanta wa manya ba.

Ɗan Adar: Allah gafarta Malam, ai nan ne gizo ke saƙar. Wa zai tsaya gaban mai mulki a filin idi ya ce masa ya mayar da haƙƙi?

Malamin Zaure: Liman. Don haka aka ɗora masa huɗuba.

Hajiya Mai Hatsi: Ku bari in sa baki, ni da nake kasuwa kullum. Ranar da ruwa ya yi kwana goma bai sauka ba, kafin manomi ya gama kallon gabas, farashin tiya ya motsa. Ba don hatsi ya ƙare ba, hatsin bara yana nan jibge cikin shaguna. Masu kuɗi ne ke rufe ƙofa su jira. Jiya wata mata ta zo wurina da goyo, ta kwance bakin zane, ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu, bai kai tiya ɗaya ba. Ta ce in auna mata rabi. Na auna, ina kallonta tana tsince 'yan ƙwayoyin da suka zube kan buhu tana mayarwa cikin leda. Ni ma saye nake in sayar, ba ni na sa farashin ba, amma wallahi abincin rana bai shiga cikina ba. Kuma na san cikin masu ɓoye hatsin nan akwai waɗanda za a shimfiɗa wa darduma a sahun farko ranar Alhamis. Malam, addu'arsu tare da tamu za ta tafi?

Malamin Zaure: Hajiya, karɓar addu'a sanin Allah ne. Amma akwai hadisi a Ibn Majah da ya ce mutane ba za su tauye mudu da sikeli ba face an kama su da fari da tsadar rayuwa da zaluncin mai mulki, kuma ba za su hana zakka ba face an hana su ruwan sama, ba don dabbobi ba ma da ba a yi musu ruwa ba. Ki lura, laifin kasuwa da laifin fada an haɗa su wuri ɗaya.

Mushen Lakwal: Ni da izininku ra'ayina ya bambanta da na Malam. Zan je sallar, amma na fi son limamai da sarakunan gargajiya su kira ta, gwamnati ta tsaya kan aikinta. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya raba addini da hukuma a fili, kuma ko da an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hikimar da ke ciki tana nan. In mai mulki ya zama shi ke kiran salla, ruwa ya sauka, sai a ce albarkacinsa ne. In bai sauka ba, sai a ce zunubin talakawa ne, mata ba su rufe jiki ba, samari sun lalace. Ko ta ina shi ya fita. Ba a taɓa tambayar ma'ajin hatsi a huɗuba ba. Kuma ana faɗa a gari cewa sai sun tambayi masu hasashen yanayi ranar da hadari zai haɗu kafin su sa ranar salla.

Tsohon Malamin Gona: Mushe, wannan magana ta ƙarshe ka bar ta. Zargi ne, kuma na sha ganin an fita roƙon ruwa an dawo rana na dukan kai har mako ya zagayo. Masu hasashe ma ba su iya ce maka ga unguwar da ruwa zai sauka. A damana ɗaya sai a yi ruwa a Kalfu, Tawa ko ɗigo. Amma sauran maganarka akwai abin dubawa, kuma tunda na girme ku bari in ba ku abin da idona ya gani.

Farin 1973 da 1974 shi ya ci mulkin Diori Hamani. Ba rashin ruwan kaɗai ba, yadda aka tafiyar da taimakon abinci ne ya ɓata wa mutane rai, ana ta zargin karkatar da shi alhali makiyaya na cika bakin garuruwa babu ko akuya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya karɓi mulki. A 1984 fari ya dawo, Najeriya kuma a mulkin Buhari ta rufe iyaka, shi ya sa yunwar ta ci sunan El Buhari. Shekarar da ta biyo, a watan Yuni 1985, kogin Isa ya daina gudu a Yamai, mutane na ratsa shi da ƙafa. An yi addu'o'i a lokacin, masallaci bai taɓa yin shiru ba. Amma abin da ya rage a ƙasa har yau shi ne noman rani da aka tura mutane yi da ƙarfi, aka haƙa rijiyoyi a fadamu, aka raba iri.

A 2005 kuma mun ga ɗayan gefen. Fara ta ci amfanin 2004, ruwa ya yi gardama, yara na cika cibiyoyin tamowa a Maraɗi da Tawa, amma shugaba Tandja ya fito ya ce babu yunwa a ƙasar. A 2010 sojojin Salou Djibo suka amsa da bakinsu cewa akwai matsala, suka nemi taimako da wuri. Ni a ganina amfanin farko na fitar shugaba roƙon ruwa shi ne wannan: ya amsa a gaban Allah da jama'a cewa akwai fari. Wanda ya tsaya a filin idi ya roƙi ruwa ba shi da bakin cewa gobe komai lafiya. Don haka ni ina so su fito. Amma mu riƙe su da fitowar.

Mushen Lakwal: Baba, na ji, kuma na janye zancen hasashe. Amma mu riƙe su da me? Wa ke da igiyar?

Ɗiyar Keita: Baba ya tuna mini da gida. Innata tana cikin matan da suka yi aikin furojen Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya. Maza sun tafi bida, mata ne suka ɗauki dutse a ka suna jera shi a gangaren tudu don ruwa ya tsaya, ana biyan su da abinci. Har ta rasu akwai kanta a tafin hannunta. Wuraren da ta ce a da ko ƙaya ba ta fitowa, yau akwai itatuwa da ciyawa, akwai madatsun da ke riƙe ruwa har cikin rani. Kuma matan nan su ne dai ke fitowa da gumba da fura su yi sadaka in ruwa ya tsaya, su tara yara su zagaye gari suna roƙo. Ban taɓa jin ɗaya ta ce ko dutse ko addu'a ba. Duka biyun suke yi a yini ɗaya. Abin da ya sa nake jin zafin wannan muhawarar shi ne, kullum manya ne ake ba zaɓi tsakanin salla da aiki. Talaka ba a taɓa ba shi wannan zaɓin ba.

Ɗan Bida: Gaisuwa daga Abidjan. Yaya, maganarki ta taɓa ni. Tun da ruwa ya tsaya wayata ba ta huta ba, kowa a gida cewa yake a turo na hatsi. Mu nan ma mun haɗu bayan sallar Juma'a mun yi wa gida addu'a. Gaskiya ita ce rumbun Adar yana Abidjan da Legas da Libiya, cikin aljihun 'yan bida. In shugabanni za su yi addu'a su haɗa da mu, don in mun kasa turowa gidaje da yawa ba za su ɗora tukunya ba.

Malamin Zaure: Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku. Mushe ya tambayi igiya, to ga ta, kuma daga cikin addinin take. A shekara ta 18 bayan hijira an yi fari a Madina da kewaye wanda ake kira shekarar toka. Sayyidina Umar ne halifa. Ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi ya yi addu'a, wannan yana cikin Buhari. Amma kafin nan da bayan nan me ya yi? Ya rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, su aiko da abinci. Ya sa aka riƙa dafa wa waɗanda suka kwararo daga ƙauye, yana zagayawa da kansa. Ya yi rantsuwa ba zai ci nama ko man shanu ba har mutane su samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya dakatar da haddin sata saboda yunwa. Ga shugaban da ya yi istiska'i. Duk wanda ya ari sallar Umar, to ya ari cikin Umar da shi.

Kuma ku duba suratu Yusuf. An sanar da shi fari na zuwa, shi Annabi ne, addu'arsa karɓaɓɓiya, amma shawarar da ya ba sarki ita ce a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan a ajiye saura. Sannan ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa. Tanadi ma ibada ne.

Ɗan Adar: Malam, da wannan ake faɗa a filin idi da ban buɗe wannan zancen ba.

Tsohon Malamin Gona: Bari in ƙara, don kada a ce ba a san abin yi ba. An sani. Tun 1974 cibiyar AGRHYMET take Yamai, kuma kowace shekara wajen watan Afrilu ana fitar da hasashen damana: ko za ta zo da wuri, ko za a samu dogon tsaiko a tsakiya. Tambayar ita ce ko labarin yana kai wa manomin Bambay da na Afala cikin Hausa kafin ya zuba irinsa, kuma ko akwai iri mai saurin nuna a kusa da shi. Hukumar OPVN ta gwamnati tana nan don ajiyar hatsi da sayarwa da rangwame in rana ta ɓaci, sai dai amfanin rangwame yana ga lokacinsa. In ya zo bayan mutum ya sayar da tunkiyarsa ko ya jinginar da gona, ya makara.

Garin Tawa abin da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, wani lokaci ƙasa da haka sosai, kuma yawancinsa cikin Yuli da Agusta. Matsalarmu ba ƙarancin kaɗai ba ce, gudun ruwan ne. Ya sauka da ƙarfi kan fako, cikin awa ɗaya ya bi korama ya tafi da ƙasar. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako ana zuba taki. Suka dawo da wannan dabara ta tassa, aka haɗa da ramuka masu siffar rabin wata. Ku je Badagishiri ku gani, fakon da aka yar ya koma gona har ana sayensa da kuɗi. A irin wannan tsaikon, hatsin da ke cikin tassa yana nan kore bayan na fili ya kwanta, don ramin ya riƙe laima. A kwarin Majiya tun 1975 aka fara jera dogon yaro don kare iska. A Maraɗi sassabin zamani ya mayar da itatuwa gonaki ba tare da an dasa ba. Dukansu ba su buƙatar jirgi. A 2022 an gwada harbin gajimare da jirgi don ruwa ya zubo, amma shi ma sai akwai gajimaren. Madatsar Kandaji kuwa tun 2008 aka aza tubalinta. Ku lissafa damana nawa ke nan.

Makiyayin Abalak: Duk maganarku ta gona ce. Mu nan arewa ciyawa ta fito ta ƙone. Shanu sun rame, farashinsu ya faɗi, na hatsi da dussa ya hau, sai ka sayar da biyu ka ciyar da uku. A 2010 mun ga garke ya ƙare a tsaye. In muka gangara kudu neman ciyawa, gonaki sun cinye burtali, sai rigima. Ina goyon bayan sallar ɗari bisa ɗari, mu ma za mu yi tamu a bakin rijiya. Amma a kawo abincin dabbobi yanzu, tun suna iya tashi da ƙafarsu.

Maƙwabcinku Kirista: Salama gare ku duka. Ni ɗan Galmi ne. Mu ma a majami'a muna addu'ar ruwa tun makon jiya, gonarmu ɗaya da taku, rana ɗaya ke ƙona ta. Ban ga laifi ba in shugaba musulmi ya je sallarsa. Roƙona kawai, in ana kira a ce kowa ya roƙi Allah a wurin ibadarsa, kuma in rabon taimako ya zo a bi buƙata, kada a bi wanda aka gani a fili ko wanda ke kusa da masu rubuta suna.

Hajiya Mai Hatsi: Amin, ɗan'uwa. Wannan na rubuta suna ciwo ne babba. Akwai shekarar da aka yi rabo a unguwarmu, gwauruwa mai marayu huɗu ba ta samu ba, mai shago ya samu.

Matashin Wadata: Ni dai iyayena ku yi haƙuri, ba za ni ba. Bara na je irin wannan taro, mun zauna cikin rana tun safe da tsofaffi, ba a tada salla ba sai da jerin motoci ya iso, aka buɗe musu rumfa, masu ɗaukar hoto suka shiga gaban sahu. Wani dattijo kusa da ni jiri ya ɗebe shi, da butar alwala aka yayyafa masa ruwa. Na dawo gida raina a ɓace, ban ji na yi ibada ba. Zan yi addu'ata a masallacin unguwa.

Malamin Zaure: Ɗana, ɓacin ranka yana kan hanya, rumfa da jinkirta salla don jiran wani ba su cikin wannan sunna. Ranar ƙasƙantar da kai ce, babba da yaro ƙasa ɗaya suke zama. Amma kada ka bar musu filin. Ba don su kake fita ba. A suratu Nuhu an ce ku nemi gafarar Ubangijinku, zai saukar muku da ruwa mai yawa, kuma ba a ware kowa ba. Ka je, ka zauna kusa da tsofaffin, ka riƙe musu ruwan sha.

Mushen Lakwal: Malam, har yanzu ina kan bakana cewa limamai su kira, mai mulki ya zo a matsayin mamu kamar kowa. Amma in har liman zai karanta masa tarihin Umar yana zaune, to ni ba ni da ta cewa. Shakkata ita ce ko za a karanta. Sannan a tuna, ruwan ma in ya zo da yawa wani bala'in ne. A 2020 kogi ya fasa kariya ya shiga Lamorde a Yamai, a 2024 ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Wanda bai gyara magudanar ruwa ba ya kira roƙon ruwa, ya shirya wa amsar?

Malamin Zaure: Shi ya sa muke roƙon ruwa mai amfani, ba mai cutarwa ba. Ko a zamanin Annabi an yi ruwa daga Juma'a zuwa Juma'a har gidaje suka fara rushewa, aka dawo aka roƙe shi, ya yi addu'a a mayar da shi kewaye, kan tuddai da kwaruruka.

Ɗiyar Keita: To Malam, tunda kuna zama da limaman gari, me zai hana ku kai musu wannan kafin Alhamis? Ba zagi ba, ba siyasa ba. A huɗuba a ambaci masu ɓoye hatsi, a ambaci zakka, a roƙi hukuma ta buɗe sayarwa da rangwame yanzu, ta faɗi rana da wuri a gaban jama'a.

Ɗan Adar: Na goyi baya. Kuma a cire rumfar.

Malamin Zaure: Zan ga limamin unguwarmu bayan magariba, shi yana da hanyar isa ga wanda zai ja sallar. Ban yi muku alkawarin za a faɗi duka ba, amma zan isar. Hajiya, ki turo mini yadda farashin tiya yake yau da yadda yake kafin ruwa ya tsaya, in tafi da shi a rubuce. Baba Malamin Gona, in da hali mu tafi tare, kai ka fi ni sanin zancen iri da ma'aji.

Tsohon Malamin Gona: Ina nan zuwa in sha Allah. Ku jira ni ƙofar masallaci.

Makiyayin Abalak: Malam, kada a manta da dussa. A sa ta cikin takardar.